Golf GTI a titunan Legas: abin da ya kamata ka sani kafin ka mayar da ita motar kullum

Tun ranar da na fara ajiye wannan 'yar motar a bakin shagona da ke Agege, da wuya a yi mako guda wani bai tsaya ya yi mini tambaya a kanta ba. Manya tambayarsu ita ce, "Alhaji, wannan Golf ɗin tana shan mai kuwa?" Matasa kuma abu ɗaya ke gabansu, wato nawa take gudu. Shekara huɗu ke nan ina hawanta kusan kullum, da ita nake kai yara makaranta, da ita nake shiga Mile 12 da Idumota, kuma sau uku na je Kano da ita na dawo. A watan jiya wani ƙanena da ke zaune a Sabo ta Badun ya kira ni, wai ya tara kuɗi, yana so ya sayar da Corolla ɗinsa ya sayi irin tawa. Amsar da na ba shi ta yi tsawo a waya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta wuri guda, ko wani ma zai amfana kafin ya zuba guminsa.

Wace irin mota ce?

Mu Hausawa ba baƙin Golf ba ne. Duk wanda ya taɓa hawa motar haya daga Kano zuwa Katsina, ko daga Zariya zuwa Funtuwa, ya san Golf 3, wadda ake cusa wa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ga buhuna sun rinjayi but. Nan Legas ma yawancin danfo ɗin da muke shiga ƙirar Volkswagen ne, kuma tashar da ake kira Volks a Ojo, kan hanyar Badagiri, ta samo sunanta ne daga masana'antar haɗa motocin kamfanin da ta fara aiki a wurin a 1975.

To GTI ita ce Golf ɗin da aka ba ƙarfi. Jikin gajeriyar mota ne mai yankakken baya, wadda ƙofar but ke ɗagawa tare da gilashi, amma injin da burki da ƙafafun na motar gudu ne. Kamfanin na Jamus ya fito da ta farko kasuwa a 1976, da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, a jikin motar da nauyinta bai wuce kilo 810 ba. Daga nan wasu kamfanoni suka bi sahu: Peugeot ta yi 205 GTI a 1984, daga baya aka samu Honda Civic Type R, da Ford Fiesta ST, da Mini Cooper S, da Hyundai i30 N. Dukkansu dabara ɗaya ce, wato ƙaramar motar cefane da ke iya tsere wa manya. Na tsaya kan GTI ne saboda ita na sani, kuma ita ce aka fi samu a kasuwannin motocinmu.

Waɗanda suka fi yawo a hannun dillalai su ne Golf 5 da ta fito a 2004 da doki 200, da Golf 6 ta 2009 da doki 210, sai Golf 7 ta 2013 da doki 220. Duk injinsu lita 2 ne, da na'urar da makanikai ke kira tobo. Aikin tobo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da inji ke fitarwa ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin inji, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Shi ya sa Golf 5 GTI ke tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 7 ko kusa da haka. Tawa Golf 6 ce, ta Amurka, kuma na can doki 200 aka rubuta musu. Wani abin lura: na Amurka na wancan lokacin ba a rubuta Golf a bayansu, GTI kawai za ka gani. Alamominta kuwa ba sa ɓoyuwa, akwai jan layi a hancinta, kujerun kuma galibi yadi ne mai zanen gida-gida.

Maganar mai

Bari in fara da tambayar manya. Eh, tana sha, amma ba kamar yadda ake tsoro ba, kuma ƙafarka ce ke yanke hukunci. A kan hanyar Legas zuwa Badun, in na tsaya a kilomita 100, abin da allon motar ke nuna mini bai cika wuce lita 7 zuwa 8 a kowace kilomita 100 ba. A cikin gari kuwa, ranar da aka tsaya cak a Oshodi ko kan gadar Third Mainland da esi a kunne, ina ganin 12, wani lokaci 14. Tankinta lita 55 ne, na Golf 7 kuma 50. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, wannan bambanci bai dame ni ba. Yanzu kam sai na yi lissafi kafin in taka totur don nishaɗi.

Amma yawan shan ba shi ne babbar matsalar ba, ingancin man shi ne. Fetur yana da wani ma'auni da ake kira oktan, wanda ke nuna yadda yake jure matsi da zafi kafin ya kama da wuta. Waɗannan injuna an yi su ne don mai oktan 95 zuwa sama, wanda ake sayarwa a gidajen manmu kuwa yana wajen 90 zuwa 91 ne. In man ya kama da wuri kafin lokacinsa, inji yana yin wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Motar tana da na'urar da ke jin wannan ƙarar, sai kwamfutarta ta ja da baya, ta rage ƙarfi don ta kare injin. Ma'ana za ta yi tafiya lafiya lau, amma ba duk dokin da ka biya kuɗinsu za ka samu ba, musamman da rana tsaka in zafi ya yi yawa.

Saboda haka abu biyu nake kiyayewa. Na farko, ba na matsa mata a babbar giya tana tafiya a hankali, gara in sauko da giya kafin in taka. Na biyu, na ƙi yarda a taɓa mata kwamfuta. Akwai yara masu wayo da za su ce maka za su ƙara mata doki 40 ko 50 da laftof cikin awa ɗaya. Gaskiya ne suna iyawa, amma wancan saitin an yi shi ne don man Turai, a kan namu kuwa fistin kake ci da wuta. Man bumburutu na galan kuma ko kyauta aka ba ni ba na zubawa. Wanda ya ga abin da gurɓataccen man nan mai sinadarin metanol ya yi wa motoci a Legas da Abuja a watan Fabrairun 2022 ba ya bukatar dogon bayani. Ni gidan mai biyu na riƙe, a nan nake sha ko da layi.

Rami, tudu da taya

A nan ne GTI ke karɓar kuɗinta daga hannun mazaunin Legas. An saukar da ita ƙasa da Golf ta gama-gari da kamar milimita 15, an kuma ƙara wa shokozoba tauri don ta riƙe hanya a kwana. A kan kwalta mai kyau abin sai wanda ya gani, kamar an manna ta da ƙasa. A cikin lungunan unguwa kuwa kowane rami sai ya gaisa da ƙugunka. Tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, wanda wani ya kai tsayin dakali, dole ka hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ka ji cikinta ya daki siminti. A ƙasan nan kuwa akwai kaskon baƙin mai, in ya fashe ba ka lura ba ka ci gaba da tafiya, injin ya tafi.

Ka duba lambar da ke jikin taya, domin ita ce rabin labarin. Da yawa suna zuwa da rim 18 da taya 225/40. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne, kashi 40 cikin 100 na faɗin, wato milimita 90 kacal tsakanin rim da kwalta. Taya 225/45 a rim 17 tana da kamar 101. Corolla mai 195/65 tana da kusan 127. Ka ga ke nan ramin da Corolla za ta faɗa ta wuce, GTI in ta faɗa sai taya ta yi ƙulu ko rim ya lanƙwashe. Ni a watannina shida na farko na yi asarar taya uku da rim ɗaya, ɗaya daga ciki da daddare, ramin ya cika da ruwa ban gan shi ba, na kwana biyu ina neman irin rim ɗin. Daga nan na haƙura da ado, na sauko rim 17. Golf 5 da 6 ma suna karɓar rim 16 da taya 205/55, kuma da yau zan sake, shi zan saka. Kyan gani ya ragu, amma mai faci ya daina sanin sunana.

In za ka sayi taya, nemi lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya 'yar gwanjo da ta tsufa a motar da ke iya wuce kilomita 200, wannan ba tattali ba ne.

Gosulo da giya

Iri biyu ne. Akwai manuwal mai giya 6, akwai kuma wadda ake kira DSG. Ita DSG a ido otomatik ce, ba ta da fedar kuloci, amma a ciki ba irin otomatik ɗin Camry ba ce. Kuloci biyu gare ta, ɗaya na riƙe da giya 1, 3, 5, ɗayan na 2, 4, 6, kwamfuta ce ke kamawa da saki. Shi ya sa take canja giya cikin ƙiftawar ido. To amma tunda kuloci ne na gaske, abin da ya fi wahalar da ita shi ne jan jiki a gosulo, kana ɗan sakin burki kana takawa na tsawon awa biyu. Hakan tamkar mai manuwal ne da ya ɗora ƙafa a rabin kuloci. Dabarar ita ce ka bari na gabanka ya ba da ɗan fili, ka saki burki gaba ɗaya ta tafi, sannan ka tsaya sosai. Na san me za ka ce: a Legas in ka bar fili, danfo ko ɗan acaba ya shige. Haka ne, sai dai ka bar su su shige, gyaran giyar ya fi zuciyarka tsada.

Man wannan giya na musamman ne, ana canja shi da matatarsa duk kilomita 60,000. In bakanike ya ɗauko maka jan man giya na otomatik ɗin da aka saba, ɗauki makullinka ka tafi. Wanda kuma zai iya jure taka kuloci daga Agege zuwa Obalende, manuwal ta fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba, don kowane gareji zai iya sauke ta.

Inda take burge ni a gari shi ne gajartarta. Tsawonta mita 4.2 ne, Camry kuwa ta kai 4.8. Wurin da babbar mota za ta yi ta kai da komo, ni sau ɗaya nake shiga in kashe.

Damina

Daga Afrilu zuwa Oktoba, musamman Yuni da Yuli, ruwa ke mulkin titunan Legas, haka ma Fatakwal da Warri. Ƙa'idata mai sauƙi ce: in ruwa ya kai rabin tayar motar da ke gabana, ba na shiga. Inji iska yake zuƙa, in ya zuƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. In tsautsayi ya sa ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli, a tura ta waje a kira bakanike ya cire fulogi ya duba. Yawancin injunan da ruwa ya kashe, tayarwa ta biyu ce ta ƙarasa su. Akwai ranakun da nake barin ta a gida in hau BRT, ba kunya a ciki.

Bakanike da kayan gyara

Kafin ka sayi motar, nemi bakaniken. Wannan ita ce shawarar da na fi nanata wa ƙanena. Ba kowane mai gyaran Golf 3 ne ya san wannan ba, sunan ne kawai ɗaya. Kana bukatar wanda ke da na'urar da ake jona wa mota ta karanto matsalarta, kuma ya iya fassara abin da ta nuna.

Ni na koyi wannan da kuɗina. Wata rana allurar zafi ta ɗan haura, na shiga wani gareji kusa da inda nake. Kafin in dawo daga cin abinci, mutumin ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya, yana ce mini wai wannan abin na ƙasar sanyi ne. Bayan sati biyu mai ya ƙaru, fitilar inji ta kama. Ashe ɗigo ne kawai a gidan famfon ruwa, wanda na roba ne kuma yakan tsufa. Sai da na biya kuɗin gyara biyu. Injin an yi shi ne ya yi aiki a zafin digiri 90, in ya kasa kaiwa nan kwamfuta na ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta riƙa ƙara mai. Ruwan lagireto kuma nata mai launin hoda ne, wanda ake kira G12 ko G13. Haka nan kada ka bari a fasa maka tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Wasu ba don gyara suke cire ta ba, tana da kasuwa.

Baƙin mai shi ne ran tobo. Nata shi ne 5W-40 na zamani mai lambar VW 502 00 a jikin galan, kimanin lita 4.6 a Golf 5 da 6. Mai kaurin nan 20W-50 da ake zuba wa danfo ba nata ba ne. Saboda ƙura da gosulo, ni ba na wuce kilomita 6,000 ban yi sabis ba, kuma duk ranar Asabar sai na zaro sanda na duba, don irin waɗannan injuna sukan ɗan sha kaɗan tsakanin sabis da sabis. In na dawo daga doguwar tafiya ina barin ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki kafin in kashe.

Kowace ƙira tana da wurin da ake sa wa ido. Yawancin Golf 5 tayimin bel gare su, a canja shi kan lokaci, sannan akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙarƙashin famfon mai na kan inji da ke cinyewa a hankali, abu ne mai araha amma in ya huje yana ɓata kamshaf. Golf 6 sarƙa gare ta maimakon bel, kuma a na shekarun farko an san abin da ke ɗaure sarƙar yana sakewa, shi ya sa aka fito da sabon samfuri. In ka ji ƙarar sarƙa da safe lokacin tayarwa, kada ka jira gobe. Dukkansu kuma, da yake man kai tsaye ake fesa shi cikin silinda, baƙin gawayi na taruwa a bayan bawul ɗin iska, sai an buɗe an kankare bayan wasu shekaru. Kwayil da fulogi kuwa ina yawo da kwayil guda a but, minti biyar ne canjinsa.

Kaya akwai su a Ladipo, sabo da na gwanjo. Sai dai jabu ya yi yawa, kuma abin da za ka samu na Toyota a shago goma, na GTI sai ka zagaya uku ko ka jira a kawo. Mazauna Anacha da Aba ba su da matsala sosai. Wanda ke ƙaramin gari kuwa ya san cewa wata rana motarsa za ta kwana huɗu tana jiran saƙo daga Legas.

Iyali, kaya da tafiya gida

Akwai mai ƙofa biyu, akwai mai huɗu. Mai iyali kada ma ya kalli ta farko. Bayan yana ɗaukar manya biyu cikin walwala, uku kuwa sai an yi haƙuri da juna. But ɗin lita 350 ne, na Golf 7 kuma 380: buhun shinkafa biyu da 'yan ledoji sun shiga, in ka kwantar da kujerun baya har ƙaramin firji na taɓa ɗauka. Amma ba motar lodi ba ce. Uwargida ta gane haka a tafiyarmu ta Sallah ta farko, da ta haɗa kaya kamar za mu yi hijira, muka tsaya a ƙofar gida ana tankaɗe da rairaya, rabi sai a motar haya aka aika. In ka cika ta da mutane da kaya tana ƙara zama ƙasa, ga hanya kilomita dubu da ɗoriya.

A doguwar hanya ne nake yafe mata duk laifinta. Tsakanin Ilori da Jebba zuwa Mokwa, inda tireloli da tankoki ke jeruwa, wuce babbar mota abu ne na daƙiƙoƙi, kana taɓawa ta fita ta koma layinta. Burkinta na kamawa, ga na'urar hana zamewa, ga jakunkunan iska. To amma wannan ƙarfin shi ne kuma haɗarinta, domin a kilomita 140 ba ka jin komai, kamar kana zaune a falo. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ga ƙananan motoci ita ce 100 a babbar hanya mai tagwayen layi, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Hanyarmu kuma ba ta Jamus ba ce: akwai rami, akwai shanu, akwai tirelar da ta lalace an sa ganye a bayanta. Na taɓa ba wani yaron shagona ita ya kai saƙo Ikeja, da na ga yadda ya fita daga layinmu, ban sake ba kowa makullin ba.

In ka yanke shawarar saya

Farashi ba zan faɗa ba, dala ke juya shi. Amma ka ware kuɗin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar don gyaran farko, domin irin wannan mota da wuya ka samu wadda mai ita na farko bai more ta ba. Ko a Berger ta Apapa ka gan ta, ko ta Kwatano aka shigo da ita, ɗauki lambar jikinta mai harufa da lambobi 17 a bincika tarihinta a intanet. Da yawa daga cikin na Amurka gwanjon haɗari ne ko na ambaliya. Wadda ta yi haɗari ana iya gyarawa, wadda ruwa ya ci kuwa wayoyinta ba sa daina ba da mamaki. Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Ka je da safe a tayar da ita a gabanka injin na sanyi, ka kula ko fitilun gargaɗi duk suna kamawa sannan su mutu, don wasu dillalai cire ƙwan suke yi. Ka tabbatar da takardar kwastan. Inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun Janairun 2023.

Sannan ka sani, ranar sayarwa ba kamar Corolla ba ce da za ka sa da safe a saya kafin la'asar. GTI sai mai sonta, kuma yakan zo da tayin da zai ɓata maka rai.

Ƙanena dai mota ɗaya gare shi, da ita yake kai kaya kasuwar Bodija, layin gidansu kuma ba kwalta, da damina sai an sa duwatsu ake wucewa. Na ce masa ya riƙe Corolla ɗinsa. Ya yi shiru a waya, sannan ya ce to in ya zo Legas zan ba shi tawa ya ɗana zuwa Shagamu ya dawo. Na ce ya zo, amma ina kujerar gefe.